Ina Hayaƙin?

Da safe na zana da'ira a allo,
na ce wa yara: ga ƙwayar halitta,
ɗaki ne da ido ba ya gani,
amma a cikinsa akwai murhu.
Ɗanjuma, can bayan aji, ya ɗaga hannu:
"Malam, in akwai murhu, ina hayaƙin?"
Aka tuntsire da dariya.
Ƙararrawa ce ta cece ni.

Na ratso Zango da tambayar a aljihu,
duwatsun Birni sun sha rana sun ƙoshi.
Na iske Gwaggo Tasalla ta sauke tukunyar kunu,
ya yi kauri, muciya na tsaye a ciki ba mai riƙe ta.
Ta bar shi ya sha iska.
"In da zafi ƙwarai, tsiron mutuwa yake," in ji ta.
Ta zuba ƙullun tsiron gero, ludayi guda tal,
ta rufe da faifai, ta tafi alwala.

Kafin isha'i kunu ya saki jiki,
ya tsinke, ya yi zaƙi,
ba ta sa masa sukari ko na dala ba.
Na ce, Gwaggo, wa ya yi wannan aiki?
Ta ce, "Tsiro mana, kai da karatunka."
Shekara arba'in tana aiken anzim
ba ta san sunansa ba.
Ni na san sunansa har da Faransanci,
ban taɓa dama kunu ba.

Garin gero doguwar tsarkiya ce ta duwatsun wuya.
Tsiro ya zo da 'yan almakashinsa
yana tsinke ta, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu,
almakashin kuwa bai rage ba.
Dillali ne na Kasuwar Dole:
ya haɗa ciniki, ya karkaɗe riga,
ya juya ga na gaba,
ko la'ada bai karɓa ba.
Sai dai kowa da hajarsa,
dillalin awaki ba ya taɓa gishiri.

Na kurɓa. Na bi shi da zuci,
maƙogwaro, hanji, jini,
har ƙofar ɗakin da na zana a allo.
A can ba a cinna masa wuta gaba ɗaya
kamar danga ta kama da rani.
Jikka goma ce ake canzawa,
hannu zuwa hannu,
har ta koma 'yan dala-dala,
don tsoka ba ta karɓar babbar takarda.
Ƙiftawar ido, biya.
Bugun zuciya, biya.
Ko wannan tunanin da nake yi
wani ya ƙirga canjinsa.
Kuɗin kuwa na rana ne,
ganyen gero ya tara su a gonar Mirriya
tun damina, babu wanda ya ji motsinsa.

Gobe zan ce: Ɗanjuma, taso.
Sa hannu a wuyanka. Ka ji ɗumi? Ga garwashin.
Hura wa gilashin taga. Ka ga ya dushe?
Ga hayaƙin, ko rabinsa,
sauran iska ce marar launi
da bedin tsakar lakwal ke jira ya shaƙa.

Gwaggo ta miƙo mini ƙwarya ta biyu,
yatsunta sun taɓa nawa, da sanyi-sanyi.
Ta ce, "Bana wutata ta fara ja da baya."
Na buɗe baki, darasin ya gudu.
Ta durƙusa gaban murhu, gwiwa na ƙara,
ta tura kara biyu,
ta cika kumatu ta hura,
ta sake hurawa.
Na zauna da ƙwarya a hannu ina kallo,
wata wutar tana tayar da wata.